JAWABI GA HAKIMAI DA MALAMANSU A KAN YARDA DA SHARUƊƊAN INTANET

Wannan jawabi an shirya shi ne domin masu girma Hakimai, Allah ya ja zamaninsu, da malamansu masu riƙe da alƙalami, da Dagatai da masu unguwanni na ƙasar Zazzau. Maganar da ya ƙunsa ita ce hukuncin sharuɗɗan nan da kamfanoni su ke gindaya wa mutum kafin ya yi amfani da shafinsu na intanet ko manhajarsu ta waya, da kuma matsayin yardar da ya ke bayarwa sa'ad da ya danna maɓalli. An ga ya dace a fara da shugabanni, domin talaka in abu ya ɓaci masa ba ya fara neman lauya, wurin mai unguwa ya ke zuwa, daga nan sai ƙofar Hakimi.

A unguwar Kwarbai, cikin birnin Zariya, kamar sauran unguwanni, da wuya yau a shiga gida ba a tarar da wayar hannu ba. Tela yana karɓar kuɗin ɗinki ta waya, ɗan kasuwa yana aika wa abokin cinikinsa saƙo ta WhatsApp, ɗalibi yana cika takardar jarrabawa a shagon kwamfuta. Ko wane ɗaya daga cikinsu, kafin a buɗe masa hanya, sai da aka nuna masa wani dogon rubutu da Turanci, aka ce ya danna wurin da ke nufin ya yarda. Mafi yawa sun danna ba su karanta ba, waɗansu ma wani ne ya danna musu.

Wannan hali bai tsaya ga mutanen Zariya kaɗai ba. Cikin 2008 waɗansu masana biyu na Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka suka yi lissafi, suka tarar in mutum zai karanta ƙa'idodin sirri na dukan shafukan da ya ke shiga, sai ya ɓatar da fiye da sa'o'i 200 a shekara. Cikin 2017 kuma wani kamfani na Manchester a Ingila, mai suna Purple, wanda ke haɗa mutane da intanet kyauta a wuraren taruwa, ya cusa wani sharaɗi da gangan domin gwaji, cewa duk wanda ya yarda zai yi aikin gayya na sa'o'i 1,000, har da wankin bandaki da yashe magudanan ruwa. Cikin mako biyu mutum 22,000 suka danna sun yarda, mutum ɗaya tak ya lura. To, tambayar ita ce, irin wannan yarda tana ɗaure mutum a gaban shari'a, ko kuwa ba ta ɗaure shi?

YARDA A SHARI'AR MUSULUNCI

Malaman da ke karantar da Risala da Muhtasar a zaurukan birni sun san ciniki ba ya ƙulluwa sai da yardar mai saye da mai sayarwa, kuma aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ita ce ta sa yardar juna ta zama ginshiƙin halaccin kasuwanci. A mazhabar Malikiyya ba a tilasta wani lafazi na musamman ba. Duk abin da al'ada ta san yana nuna yarda ya isa, ko magana, ko rubutu, ko ishara, ko ma miƙa kuɗi da karɓar kaya ba tare da an ce uffan ba. A bisa wannan ƙa'ida danna maɓalli yana iya zama alamar yarda, kamar yadda ɗaga hannu ko dangwala yatsa ya ke zama.

Amma fa malaman nan sun ƙara da cewa tilas mai saye ya san kayan, ya san farashi, ya san ajali, shi ya sa aka hana cinikin garari, watau ciniki a kan abin da ba a san haƙiƙaninsa ba. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta fi ko wace aya tsawo cikin Alƙur'ani, ta yi umurni a rubuta bashi, marubuci ya rubuta da adalci, kuma wanda a ke bi bashin shi ne zai yi shifta, in kuwa ba zai iya ba waliyyinsa ya yi a madadinsa. Hikimar a fili ta ke: wanda ya faɗi abin da za a rubuta da bakinsa ba zai zo gobe ya ce bai san abin da ke cikin takarda ba. A intanet al'amarin ya juye, mai bin bashi shi ke rubuta kome, wanda a ke bi ba shi da ta cewa sai dannawa.

SA HANNU A DOKAR TURAWA

Dokar yarjejeniya da manyan kotunan Nijeriya su ke aiki da ita ta samo asali ne daga Ingila, kuma ta fi tsanani a kan wanda ya sa hannu. Cikin 1934 wata mace mai gidan shayi, L'Estrange, ta sayi injin sayar da taba daga kamfanin Graucob, ta sa hannu a takarda ba ta karanta ƙananan rubutun ba. Injin bai yi aiki sosai ba, ta kai ƙara. Kotu ta ce wanda ya sa hannu ya ɗaure kansa, ko ya karanta ko bai karanta ba, muddin ba a yaudare shi ba. Kowa ya sayi rariya, in ji Hausawa, ya san za ta zubar da ruwa.

Inda babu sa hannu kuwa, hukuncin daban ne. Cikin 1949, a shari'ar Olley, wata mace da mijinta suka biya kuɗin masauki a wani otal, sai da suka shiga ɗaki suka ga sanarwa a bango cewa otal ba ya ɗaukar alhakin kayan da aka sace. Aka sace mata tufafi masu tsada. Kotu ta ce sanarwar ba ta ɗaure ta ba, domin ta gan ta ne bayan an riga an ƙulla ciniki. Cikin 1956 kuma alƙali Denning ya ce akwai sharuɗɗan da saboda nauyinsu ya kamata a buga su da jan tawada, a zana jan hannu yana nuna su, kafin a ce an sanad da mutum. Ƙa'ida biyu ke nan: a nuna sharaɗi kafin a ƙulla, kuma iyakar nauyinsa iyakar bayyanawar da ya ke bukata.

SHARI'AR DA TA TASHI DAGA ZARIYA

Tun zamanin Turawa aka lura cewa ƙa'idar sa hannu za ta cuci mutanen da ba su karanta boko ba, saboda haka aka kafa dokar kare marasa iya karatu, wadda ta shiga kundin dokokin Jihar Arewa na 1963. Tsofaffin malaman Hakimai da marubutan wasiƙa na bakin kotu sun san ta sarai. Ta ce duk wanda ya rubuta wasiƙa ko takarda a madadin wanda bai iya karatu ba, ko da sunansa, tilas ya sa nasa sunan da adireshinsa a jikinta. Yin haka daidai ya ke da ya shaida cewa an umurce shi ya rubuta, cewa abin da ya rubuta shi ne abin da aka faɗa masa, kuma cewa an karanta wa mai takardar an bayyana masa kafin ya sa hannu ko ya dangwala.

Ɗaya daga cikin shari'o'in da suka yi suna a kan wannan doka daga Zariya ta tashi. Kamfanin SCOA na Zariya ya kai ƙarar wani mutum, Okon, wanda ya sa hannu a takardar tsaya wa wani. Cikin 1959 Kotun Ƙoli ta Tarayya ta ce mutum yana iya sanin rubuta sunansa da karanta lambobi, amma iliminsa bai kai ya gane ma'anar takardar lamuni da nauyin da ta ɗora masa ba. Tun da ba a cika sharuɗɗan dokar ba, kamfani bai sami abin da ya nema ba. Daga baya, cikin 1994, a shari'ar Otitoju, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa abin dubawa shi ne ko mutum ya iya karantawa da fahimta, ya kuma rubuta, a cikin harshen da aka rubuta takardar. Wannan ya shafi birnin Zariya ƙwarai, inda a ke da malamai masu zurfi a Larabci da ajami waɗanda Turancin lauyoyi ya ke musu duhu.

An tsara dokar nan ne domin takarda da alƙalami, da marubucin da a ke gani da ido. Manufarta dai, watau kada a ɗaure mutum da abin da ba a bayyana masa ba, ta sake fitowa cikin hukunce-hukuncen intanet da sababbin dokoki.

SHARUƊƊAN INTANET IRI BIYU NE

Iri na farko shi ne wanda a ke nuna wa mutum sharuɗɗa, ko wurin da zai taɓa ya buɗe su, sa'an nan ba zai wuce gaba ba sai ya danna cewa ya yarda. Iri na biyu shi ne wanda a ke ajiye sharuɗɗan can ƙasan shafi da ƙaramin rubutu, a ce shiga shafin kaɗai ya zama yarda. Kotunan Amurka, inda manyan kamfanonin nan su ke, sun daɗe suna rarrabe su.

Cikin 2002, a shari'ar Specht da kamfanin Netscape, mutane sun sauke wata manhaja kyauta, alhali sharuɗɗanta suna ƙasa da maɓallin saukewa, inda ba a ganinsu sai an ja shafin. A ciki akwai sharaɗin da ya hana kai ƙara kotu sai dai a je gaban mai sasanci. Kotun ɗaukaka ƙara, ta bakin alƙali Sonia Sotomayor, wadda ta shiga Kotun Ƙolin Amurka cikin 2009, ta ce sharaɗin bai ɗaure su ba, domin ba a sanad da su yadda ya kamata ba, su kuma ba su nuna yarda a fili ba. Cikin 2017 wannan kotu ɗin ta yi hukunci a shari'ar Meyer da kamfanin Uber. A nan an rubuta kusa da maɓallin rajista, a wurin da ido zai gani, cewa yin rajista yarda ce da sharuɗɗa, an kuma sa wurin buɗe su da launi. Kotu ta ce sanarwar ta isa, rashin karantawa ba hujja ba ce.

Hukuncin kotunan Amurka ba ya tilasta alƙalin Nijeriya, sai dai yana iya dubawa ya ƙaru, kuma ƙa'idar ita ce dai ta Olley da L'Estrange a sabuwar riga. Dokokin Nijeriya sun share fage ga haka. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 84, ta yarda a gabatar da bayanin da ya fito daga kwamfuta a gaban kotu in an cika sharuɗɗansa, sashe na 93 kuma ya karɓi sa hannu ta na'ura. Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, a sashe na 17, ta ce irin wannan sa hannu yana ɗaure mutum a saye da sayarwa. Saboda haka kada a bar talakawa da zaton cewa abin da ba a rubuta a takarda ba wasa ne. Alkawari kaya ne, ko a fuskar waya aka ɗauke shi.

IYAKAR DA DOKA TA SA WA KAMFANONI

Duk da haka, danna maɓalli ba ya halatta wa kamfani kome da kome. Dokar Gasa da Kare Masu Saye ta 2018, wadda ta kafa Hukumar FCCPC, ta ba mai saye haƙƙin a yi masa bayani da harshe mai sauƙi wanda zai gane, a sashe na 114. Sashe na 127 ya hana sharuɗɗan zalunci da waɗanda suka karkata ga kamfani fiye da kima. Sashe na 128 ya ce sharaɗin da ke rage alhakin kamfani, ko ya ɗora wa mai saye haɗari, tilas a jawo hankalinsa gare shi a fili tun kafin ya shiga cinikin.

Ran 12 ga Yuni, 2023, Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda Hukumar NDPC ke kula da ita. Bayanan da a ke nufi su ne irin su suna, da lambar waya, da hoto, da wurin zama, da duk abin da za a gane mutum da shi. Sashe na 26 ya ɗora wa kamfani nauyin tabbatad da cewa an ba shi izini, ba mai ƙara ne zai kawo hujjar cewa bai bayar ba. Ya ce a nemi izinin da harshe bayyananne mai sauƙi, kuma shiru ko rashin motsi ba yarda ba ne. In kamfani ya ce ba zai yi wa mutum aiki ba sai ya miƙa bayanan da aikin ba ya bukata, za a duba wannan wajen auna ko yardar ta son rai ce. Sashe na 35 ya ba mutum ikon janye izininsa duk sa'ad da ya so, sashe na 31 kuwa ya ce in yaro ne sai da izinin mahaifi ko mai riƙonsa.

MISALI BIYU DA SUKA AUKU

Cikin Janairu 2021 WhatsApp ya aiko wa masu amfani da shi sababbin ƙa'idodi, ya ce ko su yarda kafin 8 ga Fabrairu ko su rasa damar amfani da shi, daga baya ya ɗaga ranar zuwa 15 ga Mayu. Jama'a da yawa suka danna, domin cinikinsu da zumuncinsu duk a kansa su ke. Hukumar FCCPC ta yi bincike tare da hukumar kare bayanai, ran 19 ga Yuli, 2024, ta ci kamfanin Meta, mai WhatsApp da Facebook, tarar dala miliyan 220. Cikin dalilanta akwai cewa an ɗora wa 'yan Nijeriya ƙa'idodin ba tare da an ba su zaɓin ƙi ba, an rarraba bayanansu ba da izini ba, kuma an bambanta su da mutanen waɗansu ƙasashe. Kamfanin bai amince ba, ya ɗaukaka ƙara, amma ran 25 ga Afrilu, 2025, kotun musamman ta harkokin gasa da kare masu saye ta tabbatad da tarar. Darasin da ke ciki shi ne, ko da miliyoyin mutane sun danna, hukuma tana da ikon tambaya ko an bar musu wata hanya ban da dannawar.

Misali na biyu ya fi kusa da zauren mai unguwa, watau bashin waya. Akwai manhajojin da ke ba da rance cikin 'yan mintoci ba jingina ba mai tsayawa, amma kafin su bayar sai mutum ya yarda su shiga jerin lambobin da ke cikin wayarsa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ran da ajali ya wuce sai saƙo ya isa ga suruki da maƙwabci da limamin unguwa, ana kiran mutum ɓarawo ko mayaudari. Cikin Agusta 2021 Hukumar NITDA ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 saboda aika irin waɗannan saƙonni ga mutanen da ba ruwansu da bashin. Cikin Maris 2022 FCCPC ta kai samame ofisoshin waɗansu masu ba da rancen a Ikko, cikin shekarar kuma ta tilasta musu yin rajista. Daga 31 ga Mayu, 2023, kamfanin Google ya hana manhajojin rance da ke rumbunsa shiga lambobi da hotunan masu karɓar bashi. Hujjar a nan mai sauƙi ce. Wanda ya ci bashi yana iya yarda a kan abin da ke nasa, amma ba shi da ikon yarda a madadin surukinsa, wanda bai danna kome ba.

ABIN DA A KE ROƘON SHUGABANNI

Na farko, Hakimai su sanad da jama'a ta hannun Dagatai da masu unguwanni da limamai cewa danna maɓallin yarda daidai ya ke da dangwala yatsa a takarda. Wanda ba zai dangwala a takardar gona ba sai an karanta masa, kada ya danna a waya sai ya tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

Na biyu, duk wanda ke danna wa wani, ko mai shagon kwamfuta ne, ko mai sana'ar POS, ko ɗa ga mahaifinsa, ya sani ya hau kujerar marubucin wasiƙa na dā. Ba a ce ya fassara shafi talatin ba, amma lalle ya nemo abu huɗu ya faɗa da Hausa: nawa za a biya duka da ranar biya, waɗanne bayanai za a ɗauka daga wayar, ina za a kai ƙara in an saɓa, da yadda a ke fita in an fasa. Malamin Hakimi in ya yi wa wani wannan aiki, ya kyautu ya rubuta a littafinsa sunan mutumin da kwanan wata da abin da ya bayyana masa, ya sa hannu, bisa koyi da tsohuwar doka.

Na uku, a riƙa ajiye shaida. Kamfanoni su kan sake sharuɗɗansu, abin da aka gani bana ba lalle a same shi baɗi ba. A ɗauki hoton fuskar waya a ranar da aka yarda, a adana saƙonni da rasit.

Na huɗu, a gargaɗi mutane kada su ba wani lambarsu ta BVN ko ta NIN ko lambar sirri domin ya yi rajista ko ya ci bashi da ita. Sunan da ke cikin rajista shi kamfani zai bi, mai sunan kuwa ya zama kamar wanda ya tsaya wa wani ba tare da ya san nawa aka ci ba. Haka kuma iyaye su lura da abin da yara ke dannawa a wayoyinsu.

Na biyar, in ƙara ta zo zaure, a raba bashi da cin mutunci. Kuɗin da mutum ya karɓa haƙƙi ne a wuyansa, a yi masa nasiha ya biya, in akwai gardama a kan ruwan da aka ɗora ko sharaɗin da aka ɓoye a nemi shawarar masanin doka. Tozartawa da yaɗa sunansa kuwa laifi ne daban, wanda yardarsa ba ta wanke ba. Aikin Hakimi a nan sulhu ne da nuna hanya, sai malaminsa ya taimaka a rubuta koke zuwa FCCPC ko NDPC, a haɗa da hotunan saƙonnin da sunan manhajar da kwanan wata.

Ana fata masu girma Hakimai za su sa a karanta wannan jawabi a majalisunsu, a kuma ba ko wane mai unguwa nasa kwafi domin ya bayyana wa jama'arsa. Allah ya ja zamanin Sarki, ya zaunad da ƙasa lafiya.